Minti Goma Sha Biyar Zuwa Ibeto

Ranar Litinin da hantsi ina tsakar gida ina matsar man gyaɗa, sai ga Mardiyya, autata, ta faɗo da gudu ko sallama babu.

"Mama, fito ki ga abin da Yaya ya sayo!"

Gabana ya faɗi. Ni dama gabana a kusa yake, ko murfin tukunya ne ya faɗi a maƙwabta sai na laluba maganin hawan jinina. Balle an ce Mahfuz ya sayo abu. Mahfuz ɗana ne, shekararsa ashirin da takwas, yana da shagon cajin waya a bakin tasha. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ni Babana nake ce masa. Yaro ne mai ladabi, ba ya shan komai, ba ya yawon banza. Matsalarsa ɗaya ce tak: tun da aka haife shi ban taɓa jin ya ce "ban iya ba".

Na yafa mayafi na fita. A ƙofar gida ga motar a-kori-kura, a bayanta an ɗaure wani jan abu da igiyoyi kamar sa mai faɗa. Idanunsa biyu a lanƙwashe, jikinsa duk roba, tayar baya kuwa faɗinta ya kai na turmi. Unguwa ta taru.

"Babana, mene ne wannan?"

"Mashin ne, Mama. Ɗan Kwatano. Irin wanda Turawa ke ƙetare ƙasashe da shi. Na sayar da Bajaj ɗina da bijimin nan da nake kiwo, na huta da tafiyar hawainiya."

Baba Sati ya tsallako titi yana goge hannu da tsumma. Shi ne makanikin unguwarmu, shekara talatin yana gyaran mashin a ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon gidanmu. Ya zagaya abin sau biyu bai taɓa shi ba.

"Mahfuz, wannan ba irin namu ba ne. Ka kai shi Kaduna a duba maka shi kafin ka hau."

"Baba Sati, ai Kadunar tana cikin aljihuna." Ya ɗaga waya. "Bidiyo goma sha bakwai na kalla. Ni zan saita shi da hannuna, daga taya har madubi."

"Da wane yare suke magana a bidiyon?"

"Ba a buƙatar yare. Hannunsu nake kallo."

Direba ya ce a samo mutum huɗu a sauke. Mahfuz ya ce shi kaɗai ya isa, dabara ce ba ƙarfi ba. Aka jingina katako, ya riƙe kan mashin, ya ja da baya. Mashin ya taho, ya wuce shi, ya kwanta a kwata. Shi kuma ya kwanta a gefensa. Mutum shida suka ɗaga mashin, Mardiyya ta ɗaga yayanta.

"Na so ne in gwada ƙarfin robar," in ji shi yana karkaɗe wando. "Kun gani? Ko tsagewa ba ta yi ba sosai."

Aka wanke, aka yi ta "Allah ya sa a kashe lafiya". Sai wani saurayi ya ce a ɗan zagaya da shi mana ya ji iska. A nan Mahfuz ya ɗaga yatsa sama, a gaban liman, a gaban mai shayi, a gaban kowa.

"Wallahi tallahi babu wanda zai hau bayan mashin ɗin nan sai Mama ta fara hawa ta sa masa albarka. Ranar Asabar akwai suna gidan Kawu Ɗanmalam a Ibeto. A kan mashin ɗin nan Mama za ta shiga Ibeto. Minti goma sha biyar!"

Jama'a suka yi ta sa masa albarka, wai ɗa nagari ke nan. Ni kuwa sai na tuna da hanyar. Ibeto garinmu ne, Ɗanmalam yayana ne, kuma hanyar nan na san ta ciki da waje. A mota ma da ramukanta sai an kusa awa guda, ina karanta duk abin da na haddace.

Da muka shiga gida na ja shi gefe.

"Babana, ka yi kaffara. Ni zan dafa wa miskinai goman abinci da hannuna, har da nama."

"Haba Mama. A ce a gari uwar Mahfuz ta ƙi sa wa abinsa albarka?"

Ya kama ni a nan. A gidanmu haka muka taso, sabon abu uwa ce ke fara taɓawa. Da ya sayi keke, ni na fara riƙe kansa. Da ya buɗe shago, wayata aka fara sa wa caji. In na ƙi wannan karon, mata za su ce akwai abin da ya yi mini, maza za su ce yaron ba shi da albarkar uwa. In kuma na hau, Allah kaɗai ya san ko za a tsince mu cikakku. Kwana biyar suka rage mini.

Aikin farko shi ne shigar da mashin gida, don Mahfuz ya ce irin wannan ba ya kwana a waje. Ƙofar zaure ta ƙi shi. Aka juya ta gefe, aka lanƙwasa madubi, ta ƙi. Ya ɗauko diga.

"Babana, zauren nan babanka marigayi ya gina shi."

"Da yana raye da shi zai fara sara, Mama."

Kafin azahar zaurenmu ya zama gareji. Duk wanda ya wuce a titi yana hango ni ina tankaɗe. Awakin unguwa suka ɗauka an buɗe musu sabuwar hanya.

Washegari ya kwance robobin gaba ɗaya, wai zai ga abin da ke ciki. Ya shimfiɗa tabarmata ta salla, na ƙwace, ya shimfiɗa zanin gado. Ya ari kwanon miyata ya riƙa zuba noti. Da yamma ya mayar da robobin, sai dai ɗaya ta ɗan leƙo gaba kamar haƙorin da ya yi gardama. A kwano kuma noti goma sha tara suka rage.

Mardiyya ta leƙa. "Yaya, waɗannan fa? Ko mashin ɗin ne ya haihu?"

"Ke me kika sani? Turawa almubazzarai ne. Wurin da noti ɗaya ya isa sai su sa uku. Na rage masa nauyi ne."

"To a rage wa kanka mana, ka ga ka fi gudu."

"Mama, ki yi wa yarinyar nan magana."

Ban yi ba. Ina can ina lissafin cewa kowane noti a cikin sha taran nan akwai abin da yake riƙewa, kuma wataƙila ɗaya daga ciki ni zai riƙe.

Sannan ya juya kan salansa. Ya ce muryar mashin ta yi laushi, kamar mai jin kunya, wa zai san ya shigo gari? Ya zura ƙarfe ya zaƙulo duk abin da ke ciki. Da ya tayar, wallahi na ɗauka tirela ce ta shigo ɗakina. Kwanukan da ke jere a kabad suka amsa. Kajin maƙwabciyarmu Christiana suka haye katanga, har da wadda ke kwanci. Christiana ta biyo su da ludayi a hannu.

"Maman Mahfuz, yaƙi aka fara ne ba a gaya mana ba?"

"Yi haƙuri, saiti ake yi."

"A saita shi a daji mana! Ƙwai goma sha biyu kazata ta bari!"

Mahfuz ya leƙo daga bayan mashin. "Anti Christiana, ki gode. Kajin da suka saba da wannan sautin, shaho ba ya ba su tsoro."

"In ta ƙi komawa kan ƙwan, kai za ka zo ka kwanta a kai."

Ranar Alhamis ya zo mini da murmushi, wanda na san ba alheri.

"Mama, nawa ne nauyinki?"

"Nauyina? Wa ya aike ka?"

Ya yi mini bayani cewa shokar baya, wato abin da ke sa mashin ya yi lilo in ya faɗa rami, dole a saita ta daidai nauyin fasinja. Haka mai bidiyo ya yi, har da tef na awo. Na ce ya ƙiyasta. Ya ce kimiyya ba ta san ƙiyasi ba. Na ce mu je asibiti. Ya ce layi ya yi yawa, ga shagon hatsin Alhaji Maikasuwa nan kusa.

Ni dai da na san abin da zai faru da na kwanta na ce zazzaɓi. Ranar ana sauke masara, masu dako sun cika wurin. Aka ɗauke buhu daga kan sikeli, na cire takalmi na hau. Na raɗa wa mai awo cewa ya faɗa wa Mahfuz a kunne. Amma mutumin shekara ashirin yana aiki ɗaya, in abu ya hau sikeli, bakinsa ke buɗewa da kansa.

"Casa'in da huɗu!"

Can cikin shago magatakarda ya amsa, "Casa'in da huɗu! Masara ko dawa?"

Masu dako suka kwanta a kan buhuna. Alhaji Maikasuwa ya fito yana gyara hula, yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Hajiya Barakatu, sannu da zuwa. Saura kilo shida ki cika buhu."

"Alhaji, kai in ka hau sai an kira na tirela."

Mahfuz ko a jikinsa. Ya sayi buhun masara, ya sa aka ɗebe kilo shida daidai, aka ɗinke. Wai shi ne zai tsaya a madadina wajen gwaji, tunda ya rantse ba mutumin da zai hau, buhu kuwa ba mutum ba ne. A gida ya nemi sufanar da za ta kama shokar, babu irinta a duk Kontagora. Ya sa guduma da guntun ƙarfe ya yi ta duka yana juyawa. Baba Sati yana kallo daga ƙarƙashin darbejiya.

"Mahfuz, ɗaurewa kake ko sassautawa?"

"Duka biyun, Baba Sati. Sai na ji ta a jikina."

Ya ɗora buhu a baya ya ɗaure da roba. Kafin ya tayar, yaran unguwa sun riga sun raɗa wa buhun suna. "Ga Maman Mahfuz nan! A dawo lafiya, Mama!" Ni ina tsaye a inda ƙofar zaure take a da, ina kallon kaina a kan mashin.

Ya tafi da ƙara har ƙarshen layi, ya juyo. A gaban masallaci akwai ɗan tudun da aka yi don masu gudu. Mashin ya taka shi. Bayan ya yi sama kamar jaki ya yi tutsu. Buhu ya tashi, ya wuce tsayin mutum, ya ɗan tsaya a iska kamar yana tunani, sannan ya sauko ya fashe a tsakiyar titi.

Na zauna a ƙasa. Kajin Christiana, da suka yafe komai, suka fito suka hau tsattsagar masarar.

Mahfuz ya dawo yana murna. "Alhamdu lillahi! Kin ga amfanin gwaji, Mama? Yanzu na gano matsalar. Buhu ba shi da hannu. Ke ai za ki riƙe ni."

"Babana, hannun nawa ciwon sanyi yake."

Sai ya kai wa mai walda, aka narka wani ƙarfe a baya kamar majinginar kujerar makaranta, aka ƙara soso a kan kujerar har ta yi tudu. Jan mashin ɗin Turawa ya dawo da kujera a bisa kamar ta mai wa'azi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji ihunsa daga zaure.

"Jama'a ku zo ku ga zalunci! Mama, kawo baho!"

Na kawo bahon wanki. Ya ciro wani baƙin tiyo a ƙasan inji, sai ga ruwa yana bulbulowa, kore shar kamar miyar kuka da aka tsinka. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya da darduma a kafaɗa.

"Kun gani? Ruwa a cikin mashin! Ruwan teku ne ya shiga lokacin da aka ɗauko shi a jirgi, har ya yi gansakuka. Mai sayarwa ya ɓoye mini. Da ban iya aiki ba da da shi zan yi ta yawo."

Baba Sati ya kutso. Ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai ranar.

"Kai! Mayar da tiyon nan! Ruwansa ne. Da shi yake sanyaya inji, kamar mota. Ga lagireto nan a gaba, ba ka gani?"

Mahfuz ya miƙe a hankali, ya juya ga jama'a kamar lauya.

"Baba Sati, shekara nawa kana gyaran mashin?"

"Talatin."

"Ka taɓa zuba wa mashin ruwa?"

"Namu iska ke sanyaya su, wannan kuwa..."

"E ko a'a?"

"A'a, amma..."

"To!"

Jama'a suka ɗauka. Wani ɗan acaɓa ya ce shi dai ko ruwan sama ne ya shiga nasa sai ya yi kwana biyu yana tari. Mai shayi ya ce mai da ruwa ba sa zama wuri ɗaya, kowa ya sani. Wani dattijo ya shinshina ya ce lallai akwai ƙarnin kifi. Mahfuz ya girgiza mashin, ya karkata shi, ya busa tiyon da baki har sai da ɗigon ƙarshe ya fita. Baba Sati ya ce, "Ni dai na faɗa," ya koma ƙarƙashin bishiyarsa.

Da jama'a suka watse na bi shi da kwanon gyaɗa, kamar kyauta na kai.

"Malam Sati, tsakaninka da Allah. In babu ruwan nan, me zai faru?"

"Zai yi zafi, Hajiya. Ba zai yi nisa ba."

"Zai kama da wuta?"

"A'a. Irin waɗannan in zafi ya yi yawa mutuwa suke yi."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ba zai yi gudu ba ke nan?"

"Na ɗan lokaci ne. Ki gaya wa yaron nan ya mayar da ruwa, ke zai ji maganarki."

Na ce to. Na koma gida, na ɗauki bahon, na kai can bayan gida inda kaji ba sa zuwa, na haƙa rami na zubar, na rufe da ƙasa. Ban ce wa Mahfuz komai ba. Allah ya yafe mini.

Asabar da ƙarfe tara ya fito cikin baƙar riga ta fata, a wannan zafin, da tabarau. Tun da safe ya kira kawunsa a waya, ina ji. "Kawu, tara da kwata daidai ku fito bakin hanya. A kawar da yara da dabbobi. Kar kowa ya ƙifta ido, in ba haka ba sai dai a ba shi labari."

Hawa ma aiki ne. Na ɗaga ƙafa, ta ce ba ta san wannan ba. Aka kifa turmi na taka, Christiana ta tura ta baya, Mardiyya ta ja ta gaba. Aka kifa mini hular kwano a kan hijabi, duniya ta koma kamar ina cikin randa. Na yafe wa Mardiyya, na ce ta yafe mini, na gaya mata inda 'yan kunnena na zinariya suke. Ita da sauran mata za su biyo mu a motar haya.

Ya tayar. Ya saki.

Abin da ya faru daga ƙofar gida zuwa fita gari ba zan iya ba da labarinsa ba, don idona a rufe yake. Na dai san hijabina ya yi ƙoƙarin komawa gida ba tare da ni ba. Na san na karanta Ayatul Kursiyyu ta haɗe da Ƙulhuwallahu ta ƙare da addu'ar cin abinci. Duk ramin da muka taka sai na tashi sama na tuna buhu. Na ƙanƙame Mahfuz har yana cewa, "Mama, numfashi!"

Sai na ji ƙarar ta fara sauka. Wani wari ya taso kamar an manta tukunya a wuta. Na buɗe ido ɗaya, na ga jar fitila tana ƙifce a gabansa.

"Babana, mene ne wannan ja?"

"Alama ce inji ya ɗumama, ya shirya gudu na gaske."

Yana rufe baki mashin ya yi shiru. Muka gangara gefen wata gonar waken soya muka tsaya. Na ji tsuntsaye. Ban taɓa sanin kukan kurciya yana da daɗi haka ba.

"Hutawa yake," in ji Mahfuz. "Na'ura ce a ciki. Ita ke sanin lokacin hutu."

Muka huta rabin awa, shi a tsaye yana riƙe da mu, ni a bisa, don babu turmi a daji. Motar su Mardiyya ta zo ta rage gudu. Kawunan mata suka fito ta kowace taga.

"Yaya, har kun je kun dawo ne?"

"Ku wuce, za mu cim muku!"

"Mu ce wa Kawu ya ci gaba da riƙe ido kar ya ƙifta?"

Mashin ya huce ya tashi. Wannan karon ko gudun kirki bai yi ba ya sake mutuwa. Muna tsaye sai ga Baba Sati a kan tsohon mashin ɗinsa mai tari, da jarka ɗaure a baya. Bawan Allah, rufe aiki ya yi ya biyo mu.

"Mahfuz, ga ruwa na kawo. Bari ya huce mu zuba, ko na rijiya ne zai kai ku. Har yanzu inji bai lalace ba."

Gabana ya faɗi, wannan karon ta wata fuskar. In aka zuba, gudu zai dawo. Na buɗe baki ban san me zan ce ba. Ashe ban buƙaci cewa komai ba, don wasu manoma uku sun tsaya da fartanya a kafaɗa suna kallo, kuma Mahfuz ba ya karɓar gyara in akwai mai kallo.

"Baba Sati, in cire cuta jiya in mayar da ita yau? Ka sha abinka, akwai rana."

"Hajiya, ki sa baki."

"Malam Sati, ni me na sani a harkar inji? Firamare na tsaya."

Ya dube ni. Na dubi waken soya. Ya girgiza kai ya wuce gaba.

Haka muka yi ta yi, a tashi, a ɗan taɓa, a mutu, a huta. Wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta wuce mu ta ce sannunku. Muka tashi muka wuce ta da ƙara. Can ta sake iso mu ta ce sannunku kuma. A karo na uku ta sauke ƙwarya ta tambaya ko za mu sayi nono, tunda ta ga zama muke yi. Na saya. Na cire hular kwano na sha a bisa kujerata.

Wayar Mahfuz kuwa ba ta huta ba. "Kawu, muna hanya. A'a, lafiya lau. Mama ce ta ce a tafi a hankali tana kallon gonaki."

Muna hango dogon ƙarfen sabis na Ibeto ya ce yanzu zai nuna wa inji waye maigida. Ya tayar ya murɗe hannu har ƙarshe. Mashin ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, sai ƙaf! kamar an saki guduma a cikin tukunyar ƙarfe. Hayaƙi ya taso. Robar nan da ta leƙo gaba ta saki ta faɗi a kwalta. Ya danna, ya sake dannawa. Ya leƙa neman kik, irin wannan ba shi da kik.

"Babana, a taimaka mini in sauka. Sauran na taka da ƙafa."

Ya dubi garin, ya dube ni. Gumi na zuba daga rigar fata.

"Na rantse, Mama."

Ya sauka, ya kama kan mashin, ya sunkuya, ya fara turawa.

Ni dai tun da nake tafiya a duniya ban taɓa jin daɗin hanya irin wannan ba. Na gyara zama na jingina da ƙarfen mai walda. Na buɗe lema. Na gaisa da masu shanyar masara, na tambayi wata tsohuwa lafiyar jikokinta, ta ba ni amsa a tsanake har da sunayensu, duk muna jere. Wani mai amalanken shanu ya yi mana sallama ya nemi hanya ya wuce.

Ana kiran azahar muka shiga Ibeto. Jama'ar suna duka suna bakin hanya, don su Mardiyya sun riga sun ba da labari, Baba Sati ya cike sauran. Maroƙin da aka ɗauko wa suna ya hango mu ya saki murya. "Ga jirgin ƙasa, ga jirgin sama! Ku kauce kar iska ta ɗebe ku!" Makaɗi ya bi takun Mahfuz da ganga, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Mata suka rangaɗa guɗa.

Yaya Ɗanmalam ya fito tsakiyar hanya yana duba agogo.

"Mahfuz, ka ce a kawar da yara, mun kawar. Sun yi barci sun tashi. Jaririn ma har ya fara kama da babansa."

Mahfuz ya jingine mashin, yana haki kamar zai shiɗe. "Kawu... man fetur ɗin ƙasar nan ne... bai dace da shi ba."

Baba Sati ya matso. Ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto, ya zura kara ya ciro a bushe, ya miƙa wa wani direban babbar mota da ke cikin 'yan suna. Direban ya leƙa.

"Ina ruwan?"

"Na zubar," in ji Mahfuz, har da ɗan ɗaga kai. "Na teku ne."

Direban ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Dariyar ta bi layi har wajen masu tuƙa tuwo. Da ya samu numfashi ya ce inji ya buga, kayansa kuwa sai an yi sa'a a Legas, wata shida ko shekara, in ma an samu.

"Shekara?" na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so.

Maza huɗu suka sauke ni kamar kayan fashewa. Na taka ƙasar garinmu, na motsa yatsun ƙafa, na lissafa, duk suna nan. Na dubi Mahfuz, jiƙe sharkaf, hannu duk kanta, amma ko ƙwarzane babu.

Yaya Ɗanmalam ya ɗaga hannu aka yi shiru. "To Barakatu, yaro ya cika rantsuwarsa, da ƙafarsa ma. Saura naki. Sa wa abin hawa albarka."

Na ɗora hannu a kan tankin, har yanzu da ɗumi. Ban taɓa yin addu'a da zuciya ɗaya irin ta ranar ba.

"Allah na gode maka da wannan mashin. Ya kawo ni lafiya, ya kawo ɗana lafiya. Allah ka yi masa albarka, ka daɗe mana da shi a yadda yake ɗin nan."

"Amin!" in ji Ibeto gaba ɗaya.

Mahfuz ya ɗago. "Mama, a yadda yake?"

"Ka ce amin, Babana. Ba a gardama da addu'ar uwa."

Ya dubi mashin, ya dubi jama'a.

"Amin," in ji shi.